Daga Wasan Zamiya Zuwa Ƙurewar Duniya: Darasin Kwana Biyu a Birnin Oslo

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Malamin da zai wuni yana bayyana wa ɗalibai yadda ƙanƙara ke murƙushe jirgin ruwa, da zai samu ya kai su su dafa jirgin da ƙanƙara ta kasa murƙushewa, da ya huta da dogon bayani. Irin wannan dama ce 'yan makaranta ke samu a Oslo, babban birnin ƙasar Norwe da ke arewacin Turai. Ajin da ya zo birnin cikin watan Maris yakan yi tafiya ɗaya ya sami riba biyu. Rana ta farko a ziyarci gidan tarihi inda aka ajiye jirgin ruwan da ake kira Fram, rana ta biyu kuma a hau tudun Holmenkollen a kalli bikin wasannin dusar ƙanƙara da ake yi shekara-shekara.

Da farko mutum zai zaci abubuwan biyu ba su da dangantaka, ɗaya karatu ne ɗaya kuma shaƙatawa. Amma akwai tambaya guda da ta haɗa su. A ƙarshen shekarar 1911 da farkon 1912, ayari biyu, kowanne na mutum biyar, sun taka Ƙurewar Kudu ta duniya, wato wurin nan da ke tsakiyar nahiyar Antaktika, wanda daga gare shi duk inda mutum ya fuskanta arewa ce. Ayarin Roald Amundsen na Norwe ya komo gida lafiya lau. Ayarin Robert Falcon Scott na Ingila kuwa ko mutum ɗaya bai dawo ba. To, me ya kawo haka? Rabin amsar yana cikin gidan tarihi, rabin kuma yana kan tudun wasa.

Jirgi mai siffar ƙwarya

Gidan tarihin Fram yana unguwar Bygdøy, a bakin teku. An buɗe shi a 1936, kuma jirgin aka fara jawowa kan tudu, sa'an nan aka gina ɗakin a kansa. Ɗalibi na shiga zai ga cikin jirgin ya yi masa rumfa, tsawonsa mita 39, faɗinsa mita 11. Abin da malamin kimiyya zai fara nuna wa yaransa shi ne gindin jirgin. Ba shi da kaifi irin na sauran jirage, a kewaye yake sumul kamar ƙwarya.

Dalilin wannan siffa yana komawa ga wani masani mai suna Fridtjof Nansen, wanda aka haifa a 1861. A shekarar 1881 wani jirgin Amurka mai suna Jeannette ya nutse a arewa da Saiberiya bayan ƙanƙara ta matse shi. Shekara uku bayan haka aka tsinci wasu tarkacensa a gaɓar kudu maso yammacin Girinlan, can ɗaya ɓangaren duniya. Nansen ya yi tunani ya ce lalle ƙanƙarar da ta rufe Tekun Arewa ba a tsaye take ba, tafiya take yi. In kuwa haka ne, maimakon a yi ta kokawa da ita, sai a bari ta kama jirgi ta tafi da shi, kamar yadda kogi ke tafiya da kara. Masana da dama a lokacin sun ce wannan ganganci ne.

Maƙerin jirage Colin Archer ne ya ƙera Fram a garin Larvik, aka sa shi a ruwa a 1892. Ma'anar sunan ita ce "gaba". Hikimar siffarsa mai sauƙi ce, kowane ɗalibi zai iya gwada ta. A ɗauki ƙwallon lemo mai santsi a matse shi tsakanin yatsu biyu, sai ya zille ya yi sama. Haka Fram ke yi. Idan ƙanƙara ta matso shi daga dama da hagu, ba ta samun wurin kamawa, sai ta cusa ƙarƙashinsa ta ɗaga shi. Bugu da ƙari, kaurin bangonsa ya wuce rabin mita, an kuma yi wa ɗakunan kwana shimfiɗu na gashin dabba da ɓawon itace mai laushi don tsare ɗumi. Har da farfela aka kafa a kansa, iska na juya ta tana ba da wutar lantarki.

Jirgin ya bar Norwe a watan Yuli na 1893 da mutum 13, ƙanƙara ta kama shi a watan Satumba, bai kuɓuta ba sai Agusta na 1896. Cikin shekaru ukun nan ba zaman banza suka yi ba. Sun riƙa zura igiya suna auna zurfin ruwa, suka tarar ya haura mita 3,000, alhali a da ana zaton tekun ba shi da zurfi. Nansen ya kuma lura cewa ƙanƙara ba ta bin iska kai tsaye, takan karkata dama da kimanin digiri 20 zuwa 40. Wani matashin masani ɗan Suwidin, Vagn Walfrid Ekman, shi ya warware lissafin a 1905, ya nuna juyawar duniya ce ke jawo haka. Har gobe ana koyar da wannan bayani ga masu nazarin teku.

Katako biyu a ƙarƙashin ƙafa

Da Nansen ya ga ƙanƙara ba za ta bi da jirgin ta kan Ƙurewar Arewa ba, sai a watan Maris na 1895 ya sauka tare da Hjalmar Johansen da karnuka 28, suka nufi arewa. Sun kai digiri 86 da minti 14, inda ba wanda ya taɓa kaiwa kafin su, sa'an nan suka juyo. Hunturu ya riske su a tsibiran Franz Josef, suka gina bukkar duwatsu suka shafe wata takwas a ciki suna cin naman dabbobin da suka harba. Abin da ya ɗauke su duk wannan tafiya shi ne katakon zamiya, wanda mutanen Norwe ke rubutawa "ski" su furta shi "shi". Asalin kalmar a tsohon harshensu tana nufin faskararren itace.

Ga wanda bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, a ɗauke ta kamar rairayi mai laushi ƙwarai, wanda ƙafa kan nutse a ciki har gwiwa. Raƙumi ba ya nutsewa a rairayi kamar doki domin tafin ƙafarsa na da faɗi. Lissafin ɗaya ne. A ce ɗalibi mai nauyin kilo 60 ya tsaya da takalma waɗanda faɗin tafinsu duka biyu ya kai murabba'in santimita 400. Kowane murabba'i yana ɗauke da giram 150 ke nan. In ya hau katako biyu masu tsawon mita 2 da faɗin santimita 7 kowanne, nauyin zai bazu a kan murabba'i 2,800, kowane ɗaya ya ɗauki giram 21 kacal. Dannin ya ragu har ninki bakwai, sai mutum ya zauna a saman dusar yana sulalewa.

Mutanen arewacin duniya sun san wannan dabara tun shekaru dubbai, domin akwai zanen mai katakon zamiya a jikin duwatsu a Norwe wanda ya haura shekara 4,000. Amma Nansen ne ya sa duniya ta waiwayo ta. A 1888 shi da abokan tafiya biyar, cikinsu har da mutum biyu 'yan ƙabilar Sami makiyaya, suka ƙetare ƙanƙarar Girinlan daga gabas zuwa yamma, abin da ba a taɓa yi ba. Littafin da ya rubuta kan tafiyar ya fito a 1890, aka fassara shi, ya sa samari a ƙasashen Turai da dama suka shiga neman katakon zamiya.

Abin da aka koyo daga masu ƙasa

A wani ɗaki na gidan tarihin akwai jirgi na biyu, ƙarami, mai suna Gjøa. Da shi Amundsen ya ratsa mashigin ruwan da ke arewacin Kanada tsakanin 1903 da 1906. Ya yi hunturu biyu a tsibirin King William, cikin mutanen Inuwit na reshen Netsilik. Turawa da yawa na wancan zamani suna yi wa irin waɗannan mutane kallon marasa wayewa. Shi kuwa Amundsen zama ya yi a gabansu kamar almajiri. Ya koyi gina ɗaki da tubalin dusar ƙanƙara, da sarrafa karnuka masu jan amalanke marar ƙafa, da sa tufafin fata.

A nan ma akwai kimiyya. Ba tufa ce ke ɗumama jiki ba, jiki ne ke samar da zafi, tufa kuwa aikinta ta hana shi gudu. Iskar da ta tsaya cik ba ta ɗaukar zafi da sauri, gashin barewar ƙasashen sanyi kuwa kowane sili rami gare shi cike da iska. Inuwit na ɗinka rigunansu da yalwa, yadda gumi zai sami hanyar fita. Wannan muhimmin abu ne, gama gumin da ya jiƙa tufa yakan daskare ya zama ƙanƙara, sai rigar da aka sa don tsaro ta koma abokiyar gaba.

Darasi na biyu Amundsen ya same shi tun kafin nan, a jirgin Beljiyam mai suna Belgica, wanda ƙanƙarar Antaktika ta tsare a 1898. Ciwon sikabi ya kama mutanen jirgin: dasashi ya kumbura yana jini, haƙora na girgiɗa, ƙarfi ya ƙare. Likitan jirgin, Frederick Cook, ya sa su cin sabon naman tsuntsun fengwin da na dabbar teku da ake kira sil, sai suka farfaɗo. A lokacin ba wanda ya san dalili. A 1907 wasu likitoci biyu na birnin Oslo, Axel Holst da Theodor Frølich, suka nuna da ɓeran Masar cewa rashin wani abu a cikin abinci ne ke kawo ciwon, sai a 1932 aka tabbatar bitamin C ne. Amundsen bai san sunan maganin ba, amma ya ga aikinsa da idonsa, bai kuwa manta ba.

Ranar biki a Holmenkollen

Kashegari ɗalibai kan shiga jirgin ƙasa na cikin gari, ya yi ta hawa da su har tudun Holmenkollen, inda ake hango birnin da teku a ƙasa. An fara gasa a wurin a watan Janairu na 1892, shekarar da aka sa Fram a ruwa. A ranar, tsalle mafi nisa mita 21 da rabi ne. An yi ta rushe dandalin ana sāke ginawa, har aka kammala hasumiyar ƙarfe ta yanzu a 2010, kuma a 2019 Robert Johansson ya yi tsallen mita 144 a kanta. A nan aka yi gasar tsalle ta wasannin Olamfik na hunturu a 1952, a gaban 'yan kallo fiye da 100,000. Mutanen ƙasar na ɗaukar ranar bikin tamkar ranar salla. Ana fitowa da tutoci, gidan sarauta kan halarta, wasu ma a daji suke kwana cikin tanti don su sami wurin kallon tseren kilomita 50 da bikin ya yi suna da shi. Sarki Olav na Biyar da kansa ya yi tsalle a nan a 1922 da 1923, yana yarima.

Mai tsalle kan gangaro daga hasumiya da gudun kusan kilomita 90 a sa'a, ya tashi sama, ya kwantar da jikinsa a kan katakan ya buɗe su gaba kamar bakin almakashi. Wani ɗan Suwidin, Jan Boklöv, shi ya yaɗa wannan salo a shekarun 1980. Da farko alƙalai rage masa maki suke yi don sun ce ba kyan gani, amma da aka ga yana wuce kowa, sai kowa ya bi. Dalili kuwa shi ne buɗewar na ƙara faɗin da iska ke tallafa, kamar shirwa ta buɗe fukafukai.

A gefen filin tsere kuma za a ga masu shafa wa katako kakin zamiya suna duba ma'aunin sanyi. Katako na sulalewa ne domin gogayyarsa da dusa na haifar da ɗan zafi, wanda ke narkar da siririn ruwa a ƙarƙashinsa ya zama kamar mai. Idan sanyi ya tsananta ƙwarai, ruwan ba ya samuwa, sai dusar ta koma kamar yashi, ja ya yi wuya. Saboda haka kowane yanayi da irin kakinsa. Yaron da ya tashi cikin wannan wasa yana sanin halin dusa da tafin ƙafarsa tun kafin ya karanta shi a littafi.

A ƙarƙashin hasumiyar akwai gidan tarihin katakon zamiya, wanda aka kafa tun 1923, kuma a nan ne ziyarar jiya da ta yau ke haɗuwa, domin akwai kayan tafiyar Nansen da Amundsen a ciki. A nan ɗalibi zai ji sunan Olav Bjaaland, manomi kuma kafinta daga ƙauyen Morgedal. A 1902 shi ya ci gasar da ta haɗa tsalle da tsere a Holmenkollen. Shekara tara bayan haka yana cikin mutum biyar da suka taka Ƙurewar Kudu.

Ayari biyu, hanya biyu

Fram ne ya kai Amundsen Antaktika a Janairun 1911. Kafin hunturu ya shiga, ya kafa rumbunan abinci a digiri 80 da 81 da 82, ya jera tutoci a gicciye dama da hagun kowanne har tsawon kilomitoci, yadda ko hazo ya sa an kauce ba za a rasa shi ba. Gwangwanayen kananzir kuwa an liƙe su da dalma. Cikin duhun hunturu Bjaaland ya zauna yana fere amalankai, har ya rage nauyin kowanne daga kimanin kilo 75 zuwa 22. Katakan zamiyarsu sun kusa mita biyu da rabi, don su iya ƙetare tsagar ƙanƙara ba tare da an rufta ba.

Kada mai karatu ya zaci Amundsen bai yi kuskure ba. Garaje ya sa ya tashi tun 8 ga Satumba, sanyi ya kai digiri 56 ƙasa da sifiri, suka komo da ƙyar, wasu da daskararrun dugadugai. Ya haƙura har 19 ga Oktoba, sa'an nan ya sāke tashi da mutum huɗu, amalanke huɗu da karnuka 52. Da suka hau kan tudun ƙanƙara suka yanka karnuka 24, kamar yadda aka tsara tun farko, mutane da sauran karnuka suka sami sabon nama. Abu ne mai sosa rai, amma ya kare su daga yunwa da sikabi. Ranar 14 ga Disamba 1911 suka isa. Don su tabbatar, suka kwana suna auna tsayin rana sa'a bayan sa'a, domin a Ƙurewa rana ba ta fitowa ta faɗi a wannan lokaci na shekara, kewaya sama take yi a tsayi kusan ɗaya. Suka komo sansani ran 25 ga Janairu 1912, bayan kwana 99, da karnuka 11.

Scott kuwa ya dogara ne ga motocin ja, waɗanda suka lalace tun da wuri, da gajerun dawaki masu nutsewa a dusa, waɗanda kuma dole a ɗauko musu abincinsu tun daga gida. Ya zo da karnuka amma ya mai da su baya a gindin tudu, ya kuma ɗauko wani ɗan Norwe, Tryggve Gran, don ya koya wa mutanensa zamiya. Sai dai abin da aka koya da girma cikin 'yan watanni ba ya kama ƙafar abin da aka tashi da shi. Daga nan mutane ne suka riƙa jan amalankai da ƙirjinsu. Irin wannan aiki na cinye fiye da kalori 6,000 a yini, abincinsu kuwa bai wuce kimanin 4,500 ba, wato kullum jikinsu na cin kansa. Sun isa ran 17 ga Janairu 1912, suka tarar da tantin Amundsen da tutar Norwe, an riga su da kwana 34.

A hanyar komowa suka riƙa tarar da kananzir ya tsiyaye daga gwangwanaye, ga shi sai da shi ake narkar da ruwan sha. Edgar Evans ya rasu a Fabrairu, Lawrence Oates a tsakiyar Maris. Scott da Edward Wilson da Henry Bowers suka cika a cikin tanti a ƙarshen Maris, saura kilomita 18 su kai babban rumbunsu. Adalci ne a faɗi abu biyu game da su. Na ɗaya, binciken masana yanayi daga baya ya nuna sanyin da suka haɗu da shi a wannan wata ya wuce na al'ada ƙwarai. Na biyu, da aka gano gawarwakinsu a Nuwamba, an tarar da kilo 16 na duwatsu da suka ƙi yarwa. A jikin wasu akwai hoton ganyen wani tsohon tsiro da ake samu a duwatsun Afirka ta Kudu da Indiya, wanda ya zama hujjar cewa a da can nahiyoyin nan a haɗe suke.

Abin da za a komo da shi aji

Ɗalibin da ya yi wannan ziyara zai gane cewa ba jaruntaka ce ta bambanta ayarin biyu ba, domin duka jarumai ne. Bambancin shi ne ɗaya ya tafi da sanin da aka gwada aka ga amfaninsa: na maƙerin jirgi, na Inuwit, na likita, da na ɗan wasan da ya goge a Holmenkollen. Tambayar Nansen kuma ba ta tsufa ba. Daga 2019 zuwa 2020 jirgin binciken Jamus mai suna Polarstern ya bar ƙanƙara ta tafi da shi kamar Fram, don a gano yadda ɗumamar duniya ke cinye ta, gama tun da aka fara aunawa da tauraron ɗan Adam a 1979, ƙanƙarar ƙarshen bazara a Tekun Arewa na raguwa da kimanin kashi 12 cikin ɗari duk shekara goma.

Malamin da Oslo ta yi wa nisa bai rasa abin yi ba. Tulin yashi da faifan katako biyu sun isa a gwada lissafin danni. Kwalba biyu na ruwan zafi, ɗaya a naɗe da busasshen tsumma ɗaya da jiƙaƙƙe, a ajiye su a iskar hunturu, za su nuna abin da gumi ke yi wa matafiyi. Ƙwallon lemo kuwa yana nan a kowace kasuwa.

Shi dai Bjaaland ya koma ƙauyensu ya ci gaba da sassaƙa katakon zamiya. A 1952, yana ɗan shekara 78, shi aka ba ya kunna wutar wasannin Olamfik a wani murhu a Morgedal, 'yan zamiya suka yi ta miƙa wa juna ita har Oslo. Ya rasu a 1961, shi ne na ƙarshe cikin biyar ɗin.